NAMA BA YA KWANA, HATSI YANA SHEKARA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, idan aka tayar da maganar mai kuɗi da talaka a majalisa, amsa biyu ake yawan ji. Dattijo zai ɗaga hannu ya ce, "Ai ko yatsun hannu ba ɗaya suke ba," shi ke nan magana ta ƙare. Saurayin da ya leƙa littattafan boko kuma zai ce a'a, can da farko mutane duk daidai suke, suna farauta suna tsintar 'ya'yan itace, babu sarki babu bawa, noma da kuɗi ne suka zo suka ɓata duniya. Amsoshin nan kamar abokan gaba suke, amma akwai inda suka haɗu: kowace tana sauke mana nauyi. In halitta ce, to babu abin yi. In kuma abu ne da ya wuce tun dubban shekaru, nan ma babu abin yi, don babu wanda zai bar gonarsa ya ɗauki baka ya koma daji.

To bari mu duba mutanen da ake magana a kansu, wato al'ummomin da ba su noma, ba su kiwo, abincinsu duka daga farauta da su da tsinta yake. Shin da gaske daidai suke? In daidai suke, me ya daidaita su? Amsar tana da abin da za ta gaya mana game da rumbunan da muke cikawa a nan Kebbe kowace kaka.

ABIN DA YA RAGE MANA NA WACCAN RAYUWA

Mu dai manoma ne da makiyaya da masunta da 'yan kasuwa tun kaka da kakanni. Amma wani yanki na waccan rayuwa yana nan tare da mu. In an gama girbi rani ya shigo, ana buga gangar farauta, samari su fita da karnuka da sanduna da adduna, a dawo da zomo da gafiya da zabin daji, in an yi sa'a a samu gada. In ruwa ya ja baya a fadamun Gulbin Zamfara, tafkuna suka fara ƙafewa, ana sa ranar su, gari ya fita kwansa da kwarkwatarsa. Mata da yara kuma suna da tasu kakar: ƙwarar kaɗe da farkon damina, ɗorawa da bazara, kuka, tsamiya, kanya, ɗinya, magarya, goruba, ga tafasa da lalo da yaɗiya. Tsohuwar da ba ta da gona ko taki ɗaya, da kalwa da man kaɗe take sayen gishiri da sabulu.

Duk wanda ya taɓa bin farauta ya san fuska biyu gare ta. Akwai rabo: wanda ya samu nama yakan tsakura wa wanda ya dawo hannu rabbana, a kai wa dattijon unguwa, a aika wa mai jego. Akwai kuma ƙwace: yaro ya jefi zomo, ƙaton ɗan tauri ya zo ya taka ya ce nasa ne, a zare wuƙaƙe, wani lokaci har a zubar da jini a kan abin da bai cika tukunya ba. Daji ɗaya, rana ɗaya, mutane ɗaya, ga kyauta ga zalunci. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu yi shakkar cewa daji da kansa yana gyara zuciya. Malamanmu ma sun san da rigimar, shi ya sa a Mukhtasar na Shaihu Khalil aka yanke cewa abin farauta na wanda ya riga kai hannu gare shi ne, in kuma masu ikon kamawa suka yi jayayya a kansa, a raba musu.

MUTANEN DA KE ZAGIN NAMA

A hamadar Kalahari, kan iyakar Botswana da Namibiya, akwai mutanen da ake kira Kung, wani reshe na ƙabilun San. Wani masani ɗan Kanada, Richard Lee, ya fara zama cikinsu a 1963 a yankin Dobe. Ya tarar ba su da sarki, ba su da rumbu, abin da mutum ya mallaka bai wuce abin da zai ɗauka ya yi tafiya da shi ba. Kusan kashi biyu cikin uku na abincinsu daga tsinta yake zuwa, galibi ta hannun mata, musamman wata ƙwara mai mai da suke kira mongongo. Nama kuwa, in an kashe babbar dabba, sai ya zagaye zango duka.

Abin lura shi ne yadda suke tsare wannan rabo. Maharbin da ya yi sa'a ba ya shigowa gari da kirari. Zama yake yi shiru, sai an tambaye shi ya ce bai ga wani abin kirki ba, sai dai ɗan wani abu. In aka je ɗauko naman, 'yan uwansa sai su hau kushe shi, su ce don wannan ƙashin ka taso mu? Sannan nama ba na wanda ya harba ba ne, na mai kibiyar da ta fara shiga jikin dabbar ne, su kuwa musayar kibau suke yi a tsakaninsu. Don haka tsohon da ba ya iya gudu, ko mace, suna iya zama masu rabon naman da gwanin maharbi ya kashe.

Shi kansa Lee sai da abin ya faɗa kansa. Ya sayi sa mafi girma a yankin don ya yi musu kyautar biki, sai kowa ya yi ta ce masa ya sayo tsohon sa ramamme, ba za a ƙoshi ba. Da aka yanka sai ga kitse fari fat. Da ya nemi dalili, sai aka fahimtar da shi cewa saurayin da ke yawan kawo nama yakan fara ganin kansa shugaba, sauran mutane bayinsa, kuma girman kai irin wannan wata rana kisa yake jawowa, don haka suke kushe naman su sanyaya masa zuciya. Ya rubuta wannan labari a 1969.

Haka mutanen Hadza da ke kusa da tafkin Eyasi a Tanzaniya, waɗanda James Woodburn ya fara nazarinsu a 1958. Babu mai iya hana wani zuwa wurin ruwa, ko bishiyar kuka, ko ramin zuma. Kowa ya san daji, kowa yana iya ciyar da kansa. In wani ya fara mulki, ba a yi masa gardama mai tsawo, sai dai ya wayi gari ya ga mutane sun kwashe komatsansu sun koma wani zango.

Kun ga ke nan daidaiton nasu bai faɗo daga sama ba. Aiki ne da suke yi kullum, da baki, da ba'a, da dokar kibiya, da ƙaura. Sun san akwai gwani akwai rago, akwai mai sa'a akwai marar sa'a. Abin da suka ƙi yarda da shi shi ne gwaninta ta zama sarauta.

Kada kuma mu mayar da su 'yan aljanna. A cikin Kung na wancan lokaci, kusan yara huɗu cikin goma ba sa kai shekara 15. Lee ya ƙirga kisan kai 22 a cikinsu tsakanin 1920 da 1955, a al'ummar da ba ta da yawa. A cikin Hadza akwai wasu sassan nama mafi kitse da manyan maza kaɗai ke ci a keɓe, mata da yara ba su ko kusantar wurin. Daidai suke ta fuskar dukiya da mulki, amma wahala da son kai ba su bar su ba.

MASUNTAN DA SUKA YI BAYI

Yanzu mu tsallaka zuwa gaɓar teku ta arewa maso yammacin nahiyar Amurka, yankin da yau yake cikin Kanada da Alaska. A can akwai ƙabilu irin su Tlingit da Haida. A da su ma ba su noma hatsi, ba su kiwo. Amma a lokacin suna da manyan gidaje na katako, da gidajen sarauta da ake gada, da talakawa, da bayi waɗanda ake kamowa a yaƙi, a saya, a sayar, a yi kyauta da su. Manyansu suna shirya wani biki da ake kira potlach, inda mai gida ke rabar da tulin dukiya don ya tabbatar da matsayinsa ya kuma kunyata abokin gasa. Gwamnatin Kanada ta haramta bikin daga 1885 har zuwa 1951.

Me ya bambanta su da Kung? Kifi. Akwai wani kifi, salmon, da ke taso wa daga teku ya shiga koguna tururuwa a 'yan makonni cikin shekara. Wanda ya kama da yawa ya banɗare shi da hayaƙi, ya sami abincin watanni. Wuraren da ake tare kifin kuma sanannu ne, ba su da yawa, kuma gidaje ne suka mallake su. To duba abin da ya haɗu: abinci mai ajiyuwa, ga mashiga mai rufuwa. Mai bakin kogi yana buƙatar hannuwa da yawa a lokacin da kifi ya zo, sai ya nemi bayi. Wanda ba shi da wurin su ba ya iya yin fushi ya tashi, don in ya tashi yunwar hunturu za ta kashe shi. Dole ya zauna ya yi biyayya.

Abin ma ya girmi tarihin da aka rubuta. A wani wuri da ake kira Sungir a Rasha, gabas da Mosko, an tono kabarin yara biyu da masana suka ƙiyasta ya haura shekara 30,000. An binne su da 'yan duwatsun ado kusan 10,000 da aka sassaƙa daga hauren wata giwa mai gashi da ta ƙare a duniya. Yaro bai yi farautar da zai tara wannan ba. Wasu ne suka zauna suka yi ta sassaƙa saboda shi, tun ba a san garma ba.

A 1982 masana biyu suka fitar da bayanin da ya haɗa waɗannan labarai. Woodburn ya raba mafarauta gida biyu: masu ci yau abin da suka samu yau, da masu aiki yau don su ci nan gaba. Wani Bafaranshe, Alain Testart, ya nuna cewa duk inda mafarauta suka iya ajiye abinci mai yawa, a nan ake samun zama wuri ɗaya, da yawan jama'a, da manya da ƙanana. Wato ba noma ne ya haifi fifiko ba. Ajiya ce, tare da ikon toshe wa wani hanyar abinci. Ɗanyen nama a zafin Kalahari ba ya kwana biyu, in ba ka rabar ba tsutsa za ta raba maka, don haka cikin maƙwabcinka shi ne rumbunka: ka ciyar da shi yau, ya ciyar da kai gobe. Ranar da aka sami rumbun laka, ranar maƙwabci ya fara zama nauyi.

FIƘIHU YA RIGA YA SA YATSA A WURIN

Ɗalibin da ya karanta babin zakka zai ji wannan magana ba baƙuwa ba ce. A mazhabarmu ta Malikiyya babu zakka a kan zomon da ka kama, ko kifin da ka sunta. A cikin amfanin gona ma, ma'aunin da malamai suka sa shi ne abu ya zama abincin da ake rayuwa a kansa kuma yana ajiyuwa: gero, dawa, shinkafa, masara, wake. In ya kai wusuƙi 5, wato sa'i 300, sai a fitar da ɗaya cikin goma in ruwan sama ya shayar, ko ɗaya cikin ashirin in da wahala aka yi ban ruwa. Shari'a ta ɗora wajibi daidai inda al'adar rabo take mutuwa, wato a bakin rumbu. Imam Abu Hanifa ya faɗaɗa ya ce duk abin da ƙasa ta fitar a ba da, kuma Alƙali Ibnul Arabi, duk da Bamalike ne, ya ƙarfafa wannan ra'ayi don ya fi tsare haƙƙin miskinai. Masu albasa da tattasai a fadamunmu su riƙe wannan.

Dubi kuma naman layya. Ya tabbata a Sahihu Muslim daga Nana A'isha cewa wata shekara mabuƙata daga ƙauye sun kwararo Madina lokacin Idi, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ajiye naman layya fiye da kwana uku. Da wata shekara ta zo aka tuna masa, sai ya bayyana cewa saboda waɗancan baƙin ne ya hana, ya ba da izinin a ci, a ajiye, a yi sadaka. Nama ɗaya, mai shi ɗaya, amma hukuncin ajiya ya sauya saboda yunwar da ke bakin ƙofa. Ya kuma yabi Ash'ariyawa, mutanen Abu Musa, don in guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya su raba daidai da mudu ɗaya, har ya danganta su da kansa.

Alƙur'ani bai musanta fifiko a arziki ba, Suratun Nahli da Suratuz Zukhruf sun ambace shi ƙarara. Amma Suratul Hashri ta ba da dalilin rabon dukiyar fai'i da cewa kada dukiya ta riƙa zagayawa tsakanin mawadata kaɗai. Suratul Ƙalam kuma ta ba mu labarin masu gonar da suka yi sammako don su girbe kafin miskini ya farka, suka tarar babu gonar. Dattijon da ya ce yatsu ba ɗaya ba ne ya yi gaskiya. Sai dai babban yatsa ba ya hana ƙarami shiga akushi.

Maganar mashiga mai rufuwa ma an yi ta. Hadisin da Abu Dawud da Ibnu Majah suka ruwaito ya sa mutane tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Da Sayyidina Umar ya keɓe makiyaya, ya umarci mai tsaronta, Hunayyu, ya bar masu 'yan raƙuma da 'yan tumaki su shiga, ya kare garken Ibnu Auf da na Ibnu Affan, domin su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa 'ya'yansa zai kwaso ya zo ƙofar halifa. Wannan yana cikin Muwaɗɗa da Bukhari. Khalil ya ce kowane gari yana da harimi, wato dajin da ake zuwa itace da kiwo a dawo a yini, wanda na jama'ar garin ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya rubuta littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan yadda ake mallakar ƙasar da ba ta da mai ita. Ba sabuwar magana muke kawowa daga Turai ba.

RUMBUNANMU

To mu dawo gida. Kowa a Kebbe da Kuchi da Tambuwal ya san yadda shekara ke juyawa. Da kaka hatsi ya yi arha, ƙaramin manomi ya fitar da shi kasuwa don ya biya bashin taki, ya yi wa 'ya aure, ya sayi magani. Mai jari ya saye ya zuba a sito. Watan Yuli da Agusta, lokacin da gero bai nuna ba kuma rumbu ya yi fayau, manomin nan ya dawo ya sayi hatsin da ya noma da hannunsa a farashin da ya ninka wuyansa. In ba shi da kuɗi, ya tafi ƙwadago gonar wani, tasa gonar ciyawa ta cinye, kaka mai zuwa ya sake samun kaɗan. Wata Baturiya, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta fitar da littafinta a 1972, kuma wannan zagayen ta gano: talaucin mutum yakan kai ya hana shi noman da zai fitar da shi daga talaucin. Ta kuma ambaci abin da suke kira falle, a ba ka dami ɗaya da damina ka biya biyu da kaka. Ko da wane suna ake kiransa a garinku, riba ce tsagwaronta.

Da can, wanda wannan zagaye ya matse yana da ƙofar baya: daji. Ya kafa tarko, ya yi su, matarsa ta tsinto kaɗe, yara su yi kala a gonakin da aka girbe. Daji shi ne rumbun wanda ba shi da rumbu. Yau ƙofar tana rufewa ta ko'ina. Gonaki sun cinye burtali da makiyaya. Masu gawayi suna sare kaɗanya, itacen da ke ɗaukar shekara 15 ko fiye kafin ya fara 'ya'ya, a ƙone shi cikin kwana biyu a loda a mota. Tafkin da gari ke su a cikinsa, a wayi gari an ce wani ya saye shi. Abin da ya rage na dajin kuma, musamman ta wajen iyakarmu da Zamfara, 'yan bindiga sun hana shiga, macen da ta je itace ba ta da tabbacin dawowa. Mutumin Hadza in an matsa masa yana da inda zai tashi ya koma. Talakanmu ya fara zama kamar wancan da ba shi da wurin su a bakin kogin salmon: dole ya zauna ya karɓi sharaɗin mai sito.

Kuma ba wai ba mu san yadda ake tsare abin tarayya ba. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ana hana su a Matan Fada har sai ranar da aka buɗe, sannan dubban mutane su faɗa ruwa lokaci ɗaya, kowa da homarsa da gorarsa. A watanda ma, in an yanka sa, kashi-kashi ake yi daidai wa daida, mai kuɗi ba ya cewa a ba shi tsoka zalla. Mun iya, in mun ga dama.

WANI ZAI CE

Wani zai ce, "Malam, so kake mu riƙa kushe mai ƙoƙari kamar Kung? Ai wannan hassada ce aka sa mata riga." Maganar tana da ƙarfi, kada mu raina ta. Woodburn da kansa ya lura cewa al'adar rabon dole tana cikin abin da ya sa noma ke yi wa irin su Hadza wuya: wanda ya fara girbi, dangi su taru su cinye har da iri. Mu ma mun san ɗan kasuwar da jarinsa ya karye don kowa a dangi yana ganin shagonsa na gado ne. Al'ummar da ba ta ajiya ba ta gina makaranta, ba ta haƙa rijiya, fari ɗaya ya isa ya tarwatsa ta. Annabi Yusuf, alaihis salam, da ajiyar shekara bakwai ya ceci Masar da maƙwabtanta. Ya kuma tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah yakan ware wa iyalinsa abincin shekara. Ba a ce kowa ya fasa rumbunsa ba, dukiyar Musulmi kuma ba ta halatta sai da yardarsa.

Amma rumbun Yusuf an cika shi ne don a buɗe ranar yunwa. Akwai kuma rumbun da ake cikawa don a jira yunwar ta ƙara tsananta. Daga waje kamarsu ɗaya, laka ɗaya, jinka ɗaya. Shi ya sa malamanmu suka ce ajiye abin da ka noma halal ne, sayen abinci a ɓoye har ya cutar da kasuwa shi ne ihtikarin da hadisin Muslim ya kira mai yinsa mai saɓo, in kuma tsanani ya kai tsanani, hukuma tana da ikon tilasta wa mai hatsi ya fitar ya sayar. Abin da za mu ɗauka daga Kung ba zagin nama ba ne, fahimtar da ke ƙarƙashinsa ce: mai samu yana buƙatar wanda zai sanyaya masa zuciya, don shi ma kada ya halaka. Mu kuwa mun juya abin. Maroƙi ya wasa shi, 'yan siyasa su rusuna masa, mu malamai mu matsa masa a sahun gaba, babu mai tambayarsa ko ya fitar da zakka.

Saboda haka, ɗan uwa mai rumbu ko sito, ga tambayoyi uku ka yi wa kanka a ɓoye, ba sai kowa ya ji ba. Ta wace hanya hatsin nan ya shigo, da guminka da ciniki na yarda, ko da matsuwar wani ka saye shi? Me kake jira kafin ka buɗe, buƙatar gidanka ko kukan gidan maƙwabci? Kuma akwai wata hanyar abinci da ta kasance ta kowa, burtali ko tafki ko itace ko kala, da ka toshe don naka ya ƙaru?

Masu unguwanni da hakimai, ku tsare abin da ya rage na harimin garuruwanku, ku hana saran kaɗanya da ɗorawa ko a gonar wa suke, don abincin zawarawa da marayu ne. Manoma, ku auna zakka tun a masussuka kafin buhu ya shiga ɗaki, kuma kada ku kori masu kala. Masu ba da bashin hatsi, mudu ɗaya mudu ɗaya ne. Masallatai kuma, babu abin da zai hana kowace unguwa ta yi rumbunta na jama'a, a zuba da kaka, a ranta wa mabuƙaci da damina ba tare da ƙari ba, da amintattu uku da littafin lissafi da ake karantawa a bainar jama'a. Samarin farauta, abin da yaro ya kama nasa ne, tauri ba hujja ba ne.

Allah Ya sa wa abin da muka noma albarka, Ya tsare mu daga rowa da hassada baki ɗaya, Ya dawo mana da zaman lafiya a dazuzzukanmu da garuruwanmu. Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.